Daren da Na Sayi Jinin Wani

Ƙanena ne ke cika mini waya da finafinai. Duk satin da zan shiga aikin dare sai ya karɓe ta ya kai wa masu tura fim a bakin kasuwa, ya dawo mini da ita cike. Ni na Indiya nake so, shi kuma ba ya rasa cusa mini na Turawa biyu ko uku a tsakiya, wai don kaina ya waye. A haka na ci karo da The Island, wani fim ɗin Amurka na 2005. Wajen ƙarfe biyu na dare na kalle shi, bayan na gama zagayen magani, ɗaki ya lafa, ba ka jin komai sai ƙarar janareto da tarin wata tsohuwa a gadon ƙarshe.

Ga wadda ba ta gani ba, labarin wasu mutane ne da ke zaune a wani katafaren gini mai tsabta, kowa cikin fararen kaya. Ana auna abincinsu, ana duba fitsarinsu kullum safe, ana sa su motsa jiki. An gaya musu duniya ta gurɓace, saura tsibiri ɗaya tal da ya tsira, kuma lokaci-lokaci ana jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa sai a tafi da shi can. Kowa burinsa ke nan. Ashe babu wani tsibiri. Su kwafin wasu attajirai ne, kamfani ya ƙera su a kan dala miliyan 5 kowane ɗaya, ana kiwonsu. Ranar da hanta ko ƙodar mai kuɗin ta lalace, ranar ce ƙuri'a ke faɗa wa kwafinsa, a shiga da shi tiyata a ciro abin da ake so.

Akwai wuri ɗaya da na tsayar na maimaita. Wata mai ciki daga cikinsu ta haihu, tana ta murmushi, tana jira a miƙo mata jaririn su wuce tsibiri tare. Sai aka yi mata allurar da ta kashe ta a kan gadon haihuwar, aka naɗe jaririn aka kai wa wata mata mai kama da ita sak da ke jira da mijinta. Da ƙanena ya tambaye ni washegari, shi motoci da harbe-harben yake son mu yi hira a kai. Ni kuwa ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin haihuwar ce ta tsaya mini a rai. Kayan aikinta irin nawa ne. Yadda ta riƙe jaririn haka nake riƙewa. Ba a nuna ta da fuskar mugunta ba, aikinta take yi, kuma na tabbata in ta tashi gida za ta koma ta dafa wa yaranta abinci.

Daga baya na fahimci irin waɗannan finafinan jinsi guda ne, masu hasko wata mummunar gobe da kimiyya ta ci gaba amma tausayi ya ƙare. Kusan dukkansu magana ɗaya suke yi a kan tsarin jari-hujja: in aka bar kasuwa ta sa wa komai farashi, wata rana za ta iso kan ɗan'adam kansa. A Mad Max: Fury Road na 2015, an kama jarumin an zana masa rukunin jininsa a gadon baya, an rataye shi ana ɗura wa wani jininsa kamar ledar ƙarin jini mai rai. A Squid Game, wanda yaranmu suka haddace tun 2021, mutum 456 da bashi ya yi wa katutu ne ke wasan mutuwa don nishaɗin masu kuɗi, waɗanda suka faɗi kuma wasu masu gadi na yanke sassan jikinsu suna sayarwa a ɓoye. Wanda ya fi taɓa ni shi ne In Time na 2011. A can lokaci ne kuɗi. Kowa da agogo a fatar hannunsa, da mintoci ake sayen shayi, da awoyi ake biyan haya, in agogonka ya kai sifili ka faɗi matacce. Uwar jarumin ta fito da awa ɗaya da rabi a hannunta, ta tarar kuɗin mota ya tashi daga awa ɗaya zuwa biyu. Ta kama gudu da ƙafa, ta cika saura taku kaɗan ta isa wurin ɗanta. Duk wadda ta ga yadda kuɗin mota daga ƙauyukan Baure ko Sandamu ya koma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ta ga mai naƙudar da aka ajiye a gida har sai da jini ya ɓalle saboda ana haɗa kuɗin mota, ba sai an fassara mata wannan wurin ba.

Amma ga abin da na lura da shi a kaina, kuma ina jin ba ni kaɗai ba ce. In muna kallo, a gefen masu gudu muke ajiye kanmu. Mu ne kwafin da za a yanka, mu ne matar da agogonta ke ƙarewa. Ba wadda ke kallo ta ce ita ce matar da ke jira a miƙo mata jaririn. To ni na taɓa zama ita, kuma shekaru na ɗauka ban faɗa wa kowa yadda abin ya kasance ba, har maigidana.

Damina ce, watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana ɗakin yara har a kwantar da biyu a gado ɗaya. 'Yata ta biyu tana da shekara uku. Kwana biyu tana zazzaɓi ina ba ta magani a gida, da irin gangancin nan namu na ma'aikatan lafiya da muke ganin mun san komai. A dare na uku na ga numfashinta ya koma sama-sama. Na ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Tafin hannunta ya ɗashe kamar takarda. Muka kwasa sai asibiti, aka auna jininta, likita ya dube ni bai ce komai ba, don ya san na san abin da lambar ke nufi. Ƙarin jini, kuma a daren.

Nan matsalar ta fito. Jininta O negetif ne, rukunin da mutane ƙalilan ne ke da shi a ƙasar nan. Ni da babanta duka namu fozitif ne. Kuma mace ce. In aka ɗura wa yarinya mai negetif jinin fozitif, jikinta na iya ƙera abin da zai riƙa yaƙar 'ya'yan da za ta ɗauka a ciki nan gaba. Firijin ajiyar jini babu irin nata. Maigidana ya kira ƙannensa biyu da wani abokinsa, aka gwada, babu wanda ya dace. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

Kowane asibiti da na sani yana da mutumin da ke zama a wajen ƙofa, wanda ba ma'aikaci ba ne, ba kuma mai jinya ba, amma kowa ya san aikinsa. Na sha wuce namu ina ɗauke kai, na sha yi wa 'yan'uwan majinyata faɗa a kan hulɗa da shi. A daren nan da ƙafata na je. Ya miƙe da ladabi ya ce, “Sista, lafiya dai?” Na gaya masa. Ya ciro wata ƙaramar waya mai madannai yana latsawa, ni kuma ina tsaye a kansa ina ganin allon. Babu suna ko ɗaya. An rubuta O neg 1, O neg 2, B 4, haka har ƙasa. Na farko wayarsa a kashe. Na biyu ya ɗauka.

Cikin rabin awa aka kawo shi a kan babur. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, siriri, da silifas ɗin roba, idonsa da barci. Ina ganinsa na gane shi. Sati uku kafin nan na gan shi zaune a kan bencin ɗakin gwaji da auduga a lanƙwasar hannu, an ɗebi jininsa don wata mai haihuwa a ɗakinmu.

'Yan'uwa, ga abin da na sani a lokacin, ba daga baya ba. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma jajayen ƙwayoyin sai sun ɗauki makonni, sinadarin ƙarfen da ke gina su kuma ya fi haka daɗewa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce namiji ya bari sai bayan wata uku, mace wata huɗu. Wanda ake ɗiba a kai a kai, ga aikin ƙarfi, ga abincin da bai taka kara ya karya ba, jiri zai fara kama shi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, wata rana ya yanke jiki ya faɗi. Na ja fatar idonsa na duba, kamar yadda na yi wa 'yata awa biyu da suka wuce. Ba ta yi ja yadda ya kamata ba. Ya tsaya shiru ina duba shi, bai ko ƙifta ba, alamar ya saba. Sai da na koma gida na tuna inda na taɓa ganin irin wannan tsayuwar: a karar Mai'aduwa, ranar da na raka babana sayen ragon layya, dillali ya buɗe bakin ragon yana nuna mana haƙora.

Mai gwaji ya ce jininsa a kan iyaka yake. Ya dube ni. Kalma ɗaya ce tawa: in ce wannan yaron an ɗebe shi sati uku da suka wuce. Ban faɗa ba. Na ce, “Malam, a taimaka.”

'Yata ba ta buƙaci ko ledar duka ba, jikinta ƙarami ne. Kafin asuba leɓɓanta sun fara komawa launinsu, da hantsi ta nemi shayi. Na ƙirga kuɗin na ba dillalin a bayan wata bishiya, na ƙara da na maltina da madara. Saurayin yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Na ce masa, “Sannu, Allah ya saka da alheri.” Ya ce, “Amin, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya.” Ban tambayi sunansa ba. Daga baya wata abokiyar aikina ta gaya mini cewa abin da ke isa hannun irinsu ba ya kai rabin abin da aka biya, sauran la'ada ce.

Na san abin da da yawanku za ku ce, don ni ma shi na gaya wa kaina shekara da shekaru: wace uwa ce za ta yi dabam? Gaskiya ne. Ko yau aka maimaita daren ban isa in rantse zan yi wani abu dabam ba. Amma wannan amsar ita ce injin da ke juya kasuwar gaba ɗaya. A The Island ma kamfanin ba da mugunta yake tallar hajarsa ba, da ƙauna yake yi: ka daɗe ka ga jikokinka, ki samu haihuwa, kada yaronki ya tashi maraya. Akwai wurin da kwafin wata mata ta kira gidan matar da aka ƙera ta dominta, sai ƙaramin ɗan matar ya ɗauka, ya ga fuskar uwarsa, alhali uwar tana kwance rai a hannun Allah tana jiran sassan jikin mai kiran. Kamfanin kuma ya yi wa masu saye alheri ɗaya: ya gaya musu kwafin ba su da hankali, ba sa ji, ba sa gani, tsoka ce kawai a cikin ruwa. Ba a taɓa kiransu mutane a gaban mai saye, sai dai a ce kaya. Masu sayen ba su bincika ba, don ba sa son su sani. Wayar dillalin nan mai O neg 1 da O neg 2 wannan aikin ta yi mini.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini ko wani sashe na jiki. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta kyautar sashen jiki bisa sharuɗɗa, ta hana cinikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kullum kira take a dogara da masu bayarwa kyauta, kuma dalilinta ya shafi mai karɓa ma: wanda ke buƙatar kuɗin ba zai gaya miki ya yi rashin lafiya ko ya yi wata mu'amala mai haɗari ba, kuma cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta suna da 'yan kwanakin farko da gwaji ba ya ganinsu. Wata uku bayan daren nan sai da na sake kai 'yata gwaji a ɓoye, gabana na faɗuwa. Duk da haka cinikin bai tsaya ba, saboda firijin babu komai, kuma mu da kanmu ba ma bayarwa sai namu ya kwanta. Maza nawa na gani sun zame daga bakin ɗakin haihuwa da aka ce a kawo jini, wani ya ce bai ci abinci ba, wani ya ce jininsa ba shi da yawa, a ƙarshe a haɗa kuɗi a kira na bakin ƙofa.

Kada kuma a ɗauka abin na matalautan ƙasashe ne kawai. A Amurka doka ta yarda a biya mutum kuɗi a ɗebi ruwan jininsa har sau biyu a mako, kamfanoni su sarrafa shi su yi magunguna masu tsada, kuma daga can mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi yake fitowa. Ba attajirai ne ke bin layin ba. Bambancinsu da mu, su dillalinsu yana da rajista da na'urar sanyaya ɗaki.

Lokacin da labarin Sanata Ike Ekweremadu ya fito, na bi shi kamar ni ake yi wa shari'a. Tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa ne, 'yarsa Sonia na fama da ciwon ƙoda, ana yi mata wanki. Aka samo wani saurayi ɗan shekara 21 da ke tallar kayan waya a baro a Legas, aka kai shi Landan a 2022, aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a matsayin ɗan'uwan yarinyar da zai ba ta ƙoda. An yi masa alkawarin abin da bai wuce fam 7,000 ba, aikin dashen kuma fam 80,000 ne. Daga baya yaron ya gudu, ya kwana a titi, ya kai kansa ofishin 'yan sanda. A ranar 5 ga Mayun 2023 kotun Old Bailey ta ɗaure sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa Beatrice shekara 4 da rabi, likitan da ya haɗa cinikin, Obinna Obeta, shekara 10.

A wurin aiki mata suka rabu biyu. Wasu na tsine musu, wasu na cewa ai uwa ce, duk wadda ta ga ɗanta a kan injin wankin ƙoda sau uku a mako ba za ta yi saurin magana ba. Ni na yi shiru, don wani mutum dabam nake kallo a labarin: likitan ƙodar da ya zauna da saurayin ya yi masa tambayoyi, ya lura bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ce ba za a yi aikin ba. Kuɗin na nan, majinyaciyar na nan tana wahala, iyayenta manyan mutane, amma ya dubi wanda aka kawo a matsayin majinyacinsa shi ma. Abin da aka koya mana ke nan tun shekarar farko a makarantar jinya, kuma shi ne abin da ban yi ba.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga sa wa mutum farashi. Kakanninmu sun ga kasuwar bayi da idonsu, sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma duk wadda ta karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta ta tuna uwar da ta fita neman ɗanta ta ƙare ita ma an sayar da ita. A zamaninmu, ranar 1 ga Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, 344 suka dawo bayan kwana shida. A ƙauyukan kudancin jihar nan mutane sun saba jin ana ciniki a waya, a faɗi kuɗi, a nemi ragi, a ƙara da babur da katin waya. Ta Kongolam, nan kusa da mu, jami'ai sun sha tare 'yan mata da samarin da ake shirin bi da su Damagaram zuwa Agadas, kuma a 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon irinsu a Libiya a kan dala 400. Duk wannan mun san shi, muna kuka da shi, kuma a cikinsa mu ne ake zalunta. Yana da sauƙin faɗa.

Wanda ba shi da sauƙin faɗa yana cikin kicin ɗina.

Shekara biyu da suka wuce, da na koma aiki bayan haihuwa ta uku, na sa aka kawo mini 'yar aiki. Ku lura da kalmar, haka muke faɗa: a kawo mini. Wata dattijuwa ce ke zagaya ƙauyuka tana kawo su. Albashin watan farko nata ne, sauran kuma ita ake ba ta kai wa uwar yarinyar, wai ana tara mata na kayan ɗaki. Ta farko da aka kawo sati biyu ta yi, na kira dattijuwar na ce wannan ba ta da kuzari, a canza mini. Aka canza, kamar atamfar da ta zuba. A zauren WhatsApp ɗinmu na matan unguwa irin hirar da muke yi ke nan ba tare da mun ji komai ba: tawa ta fiye ci, tawa ta fara wayo gara a mayar, wa ke da mai kawo ƙanana, sun fi jin magana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Mu nawa ne muka taɓa tambayar shekarun?

Ta biyun ta zauna. Ita ke goya mini jariri in ina aikin dare, ita ke shirya 'yata, wadda aka yi wa ƙarin jinin, ta raka ta makaranta ɗauke da jakarta, ta juyo gida ta kama wanke-wanke. Wata rana ina sake kallon The Island a falo, ita tana zaune a ƙasa tana tsince shinkafa, tana satar kallo. Da aka zo wurin da aka gane babu tsibiri sai ta ce, “Anti, su ba su san sayar da su aka yi ba?” Na ce ba su sani ba. Ta ce, “Allah sarki,” ta ci gaba da tsintarta.

A daren na kasa barci. Da safe na tambaye ta nawa ake ba innarta duk wata. Ba ta sani ba. Na tambaye ta shekarunta, ta ce an ce sha uku. Na tambayi sunan babanta, wanda wata takwas tana gidana ban taɓa tambaya ba. Ranar hutuna na sa maigidana ya kai mu ƙauyensu, can wajen Zango. Uwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura, tana ta godiya. Da na faɗi abin da nake biya duk wata sai ta yi shiru, ta dubi ƙasa. Abin da ke isa gare ta ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku, wata biyu kuma ba a kawo komai ba, an ce mata ni ce ban biya ba.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa na gyara komai ba. Ban mayar da ita ba, don uwar da kanta ta roƙe ni kada in yi, akwai ƙanne huɗu a bayanta kuma gero ya yi tsada. Yanzu hannu da hannu nake ba uwar kuɗin, na sa yarinyar a makarantar yamma da Islamiyya, na daina barin ta da jariri da dare. Dattijuwar ta yi fushi, ta gaya wa matan unguwa na ɓata mata sana'a, wasu ƙawayena ma sun ce na cika iyayi. Kuma har yanzu yarinya ce 'yar sha huɗu da ke wanke kwanukan gidana yayin da tawa ke yin aikin makaranta. Na san haka duk safiya.

Ta ɓangaren jini kuwa, na fara bayarwa duk wata huɗu, na kuma ja maigidana da ƙannensa. Mun haɗa wani ɗan jerin sunaye a unguwa, mutum ashirin da wani abu da rukunin jinin kowa, da sunansa cikakke, don in dare ya yi wa wata a kira. Masu negetif biyu kacal muka samu. Wadda duk ba ta san rukunin jinin 'ya'yanta ba, don Allah ta je a duba tun suna lafiya, gwajin ba ya cin minti goma.

Saurayin nan kuwa na sake ganinsa bara da rani, lokacin da ruwa ya yi wuya a gari. Ɗan ga-ruwa ne ashe. Yana turo kura da jarkoki goma a wani hawa kusa da gidan yayata, jijiyoyin wuyansa sun fito. Na tsayar da mai adaidaita na sauka. 'Yata tana tare da ni, ta yi tsawo, da hijabinta na Islamiyya. Na shirya abin da zan ce tun shekaru: in tambayi sunansa, in nuna masa ita, in nemi ya yafe mini.

Na yi sallama, ya sa dutse ya tare tayar kurar, ya share zufa da gefen riga. Na ce, “Ka gane ni? Ni ce nas ɗin da ka taɓa ba 'yarta jini.” Ya dube ni, ya dubi yarinyar, na ga bai tuna ba. Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

“Hajiya, wancan satin aka ɗiba,” ya ce. “Amma in na gaggawa ne, bari in sauke ruwan nan in zo. Sai dai ki ba ni a hannuna, kada ki bi ta wurinsa.”